Sunan da Inna Ba Ta Kira Ba

In ka taɓa zuwa karɓar magani a ɗan kantin nan na East Greensboro da ke jikin shagon wanki, to ka ga Nadia. Ita ce doguwar nan mai baƙin ɗankwali. Dattawanmu layinta suke bi ko da ɗaya layin babu kowa, don ita ce za ta duƙo ta ce, "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, Baba, kuma a rage gishiri," da wata Hausa mai ɗan karkataccen harshe da ke sa su murmushi. Kowa cewa yake yarinyar akwai natsuwa. Ba wanda ya san ta yi shekaru gabanta na faɗuwa duk ranar Asabar.

A takarda ba Nadia ba ce. Tchima ce, sunan mahaifiyar babanta. Uwarta, baƙar fata haifaffiyar unguwar nan, ita ta laƙaba mata Nadia don malaman makaranta su huta. Shi kuwa Malam Hassoumi bai taɓa kiranta da ko ɗaya daga ciki ba. "Uwata" yake ce mata, tun tana rarrafe.

Hassoumi mutumin Dogon Dutsi ne, ɗan fari a wajen mahaifiyarsa. Ya zo Greensboro lokacin da samarin Nijar ke ta kwararowa, ya yi aikin kamfanin safa, ya yi na kaji, daga baya ya buɗe shagon tayoyi na hannu. Aurensa da uwar Nadia bai daɗe ba, amma sun rabu lafiya. Litinin zuwa Juma'a yarinya na wajen uwa, Asabar da Lahadi tana wajen uba. Ke nan duk Hausarta ta Asabar ce. A bayan shagon ta koye ta, zaune kan tsohuwar taya, inda Hassoumi ke hura gawayi yana dafa shayi, abokansa na gardamar ƙwallo da siyasar gida, shi kuma muryarsa ta fi ta kowa.

Sai dai abu ɗaya. Greensboro ta wancan lokacin, a wajen mutanenmu, gari ne da babu kakanni. Maza ne matasa da matansu da jarirai. Tsohuwa ko ɗaya babu. Matan ƙasar nan kuwa, a tsakiyar kanti za ka ji mace na ƙwala wa ɗanta na fari kira da cikakken sunansa, har da na uban. Nadia ta tashi ba ta taɓa ganin yadda kaka ke yi da jika ba, ba ta taɓa ganin yadda uwa irin ta zamanin da take yi da ɗan fari ba.

Abin da ta gani shi ne waya. Duk Asabar Hassoumi zai kira Yamai, inda mahaifiyarsa ke zaune gidan ƙanwarsa Chamsou. Zai yi ta hira da Chamsou, a yi dariya, sannan ya sassauta murya ya ce, "A gaida Inna." Daga can nesa sai a ji wata tsohuwar murya ta ce, "Ki ce wa mutanen can muna lafiya." Shi ke nan. Ba ta karɓar waya. Nadia tun tana ƙarama ta yanke hukunci a ranta cewa akwai wata tsohuwar rigima tsakanin Baba da uwarsa, kuma ba ta tambaya ba, don kada ta fama masa ciwo.

Tana jami'a aka ce akwai zangon karatu guda a Yamai, ga mai son Faransanci da harkar lafiya. Da ta gaya masa, Hassoumi ajiye spana ya yi ya zauna. Shi tun da ya fito bai koma ba. Da farko takardu ne suka hana, da takardu suka samu sai shago, sai baɗi, sai baɗin baɗi. Ana gobe za ta tafi ya sa sabuwar shadda, ya gyara gemu, ya tsaya gaban shagon ya ce ta ɗauke shi hoto.

"Don me, Baba?"

"Ki dai ɗauka, Uwata. Ki ga alamar shagon ta fito."

Yamai ta karɓe ta da hannu biyu, ta kuma rikita ta. Gaisuwa ba ta ƙarewa. Mutum zai faɗo maka ɗaki ba waya ba saƙo, ya zauna har a ci abinci da shi. A aji, 'yan uwanta Amurkawa kallon 'yar gida suke mata, su ce ta yi musu ciniki a kasuwa. A kasuwa kuma tana buɗe baki sai a ce, "Anasara ce ashe," a ninka kuɗin. Amma ƙarshen mako, wannan nasu ne. Ranar Juma'a da yamma za a fara tura saƙo a gurup: gobe kwalekwale, a je kallon dorina, jibi tudun rairayi a hayin kogi, ko a kwanta bakin ruwan wanka na otal a ci tsire da dankali.

Asabar ɗin farko-farko ta bar su suka tafi, ita ta hau tasi zuwa unguwar Bukoki.

Gidan Tanti Chamsou cike yake da mata da yara. Aka yi ta guɗa, aka karɓi jakarta, aka ja ta har ƙarƙashin rumfa inda wata 'yar tsohuwa ke zaune kan tabarma da faifai a cinya, tana tsinkar zogale. Fuskar Hassoumi ce sak, an dai matse ta. Nadia ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, idonta har ya kawo ruwa.

Tsohuwar ta ɗago ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan ce? Wannan ce ɓarauniyar da ta sace min suna ta gudu da shi Amurka?"

Gida ya kwashe da dariya.

"Matso in gani. Innalillahi. Babu abinci ne a can? Ku dubi ƙafa kamar sillen kara. Chamsou, in za ta tafi a caje jakarta, ban ga butata ba tun da ta shigo."

Ku da kuka tashi a gaban kakanni kun san mene ne wannan. Tsohuwa ta buɗe fili ne, tana jiran a rama. Ana so jika ta ce, "Sunan ma ai tsufa ya yi a hannunki, na ɗauka in wanke shi." Nadia ba ta sani ba. Ta ji ɓarauniya, ta ji dariyar mutanen da ba ta sani ba, kunnuwanta suka yi zafi. Sai ta yi murmushin nan na masu aikin kanti a Amurka ta ce, "Na gode, Kaka."

"Ta ce ta gode! Ga sata ga rashin baki. Wallahi an cuce ni a takwara."

Nadia ta haɗiye. Ta ce a ranta ba don kanta ta zo ba. Ta ciro waya, ta nemo hoton, ta miƙa da hannu biyu.

"Kaka, ga Baba. Ga shagonsa. Ya ce in gaishe ki."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin faifan. Ba ta kalli wayar ba. A hankali ta juya fuskarta bango.

"Ɗauke min wannan abin. Wa ya ce miki ina cigiyar wani?" Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. "Chamsou, a dama wa baƙuwar nan fura kafin iska ta ɗauke ta."

Ba wanda ya yi mamaki a gidan. Wata ma ci gaba ta yi da tsifar kan 'yarta. Nadia ta sha furar da ƙyar, ta ce tana da aikin makaranta, ta fita. A cikin tasi ta yi kuka har direban ya rage rediyo. Mutumin da ya sa sabuwar shadda, ya gyara gemu, ko kallo ɗaya bai samu ba.

Washegari a bakin ruwan otal ta ba 'yan ajinsu labari. Wata 'yar Ohio ta cire tabarau ta kama mata hannu ta ce, "That's so toxic," wato wannan guba ce, ta ce ba dole ba ne mutum ya koma inda ake wulaƙanta shi don kawai jini ɗaya ne. Yarinyar da ko "ina kwana" ba ta iya ba, ita ce ta zama malamar zumunci. Kuma Nadia ta ji daɗin maganar, don ta zo daidai da ciwon.

Daga nan Asabar ta zama ta kogi. Ta ga dorina, ta hau raƙumi, ta je bikin da ba ta san amarya ba har ta yi anko. Hotunanta na lokacin duk dariya ce. Duk Juma'a kuma wayarta sai ta yi ƙara.

"Nadia, Inna ta ce ina ɓarauniyar, ko an kama ta ne?"

"Tanti, muna da fita gobe, na makaranta ne."

"Bon. Ta sa an sayo zogale dai, ta ce dambu za ta yi miki da hannunta, ko ƙafar ta yi kauri."

"Wani satin, insha Allah."

Wani satin bai zo ba. Ana saura kwana kaɗan ta taso, Chamsou ta zo har masaukinsu da ƙulli a leda. Tsohon zane ne baƙi, mai ƙanshin hayaƙi.

"Ta ce tunda sata kika iya, ga shi ta hutar da ke."

Nadia ta cusa shi can ƙasan akwati.

Hassoumi ne ya ɗauko ta daga filin jirgi, da rana tsaka. Sun hau babban titi kafin ya ce, "Ya kika samu Inna?"

"Lafiya lau."

Bai ƙara tambaya ba. Ita ce shirun ya dama. Ta kalli hannunsa a kan sitiyari, duk baƙin taya a farce, ta ji ba za ta iya ba. A nan ƙasar an koya mata cewa in gaskiya za ta karya mutum, a nemo mai taushi a ba shi.

"Ta yi ta tambayarka, Baba. Da ta ga hotonka rungume wayar ta yi tana kuka. Tana ta cewa Hassoumi, Hassoumi."

Motar ta ɗan kauce, wani ya danna musu oda daga baya.

"Ta ce me?"

"Sunanka."

"Da bakinta?"

"Yes, Baba."

"A gaban mutane?"

"Duk gidan suna nan."

Har suka isa gida bai sake magana ba. Nadia ta ɗauka daɗi ne ya cika shi.

Ba a daɗe ba Inna ta rasu. Aka yi zaman makoki a falonsa, aka watse. Amma Hassoumi bai dawo ba. Gawayin bayan shago ya daina kamawa. Abokai suka zo suka zo, suka gaji suka koma wani wuri da shayinsu. Ranar Asabar Nadia za ta iso ta tarar da shi zaune cikin mota a bakin shago, inji a kashe, gilashi a rufe. Wani lokaci yana tsakiyar ɗaure taya sai ya ɗago da sauri ya waiwaya.

"Kin ji an kira ni?"

"Ba kowa, Baba."

"Muryar mace ce." Sai ya koma kan aikinsa.

Ita ma tana da tata muryar. Zanen yana cikin ledarsa a saman kabad, amma in aka yi zafi ɗakin duk sai ya ɗauki ƙanshin hayaƙi. Ranar Juma'a in wayarta ta yi ƙara sai ta tuna kiran Tanti, ko da kuwa daga wajen aiki ne. Ta gama makaranta, ta kama aiki a kantin magani, ta daina fita ƙarshen mako. Abu ɗaya take riƙewa ta ji sanyi: ko ba komai, ta ba Baba abin da uwarsa ta hana shi.

Bara ne Anti Khairiyya, wata Bakanuwa da ke sayen magani wajenta, ta matsa mata sai ta zo McLeansville ranar Asabar. Alhaji Nouhou ya kawo mahaifiyarsa daga Maraɗi ganin likita, mata za su je gaisuwa.

"Ki fito ki sha iska, ke kullum kamar mai takaba."

Gidan na can bayan gonaki, motoci sun cika ciyawa. A falo tsohuwa ta ƙi kujera, an shimfiɗa mata darduma a ƙasa. Jikokinta na wucewa da wayoyi a hannu tana bin su ɗaya ɗaya.

"Kai, mai kan tulu, zo nan. Wannan kan a jirgi kuɗin mutum biyu za a biya masa."

Yaron ya ce, "Grandma, stop," ya gudu. Mata suka yi ta dariya. Nadia ta tuna da ƙafar sillen kara.

Sai Alhaji Nouhou ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya durƙusa, babban mutum da furfura. "Hajiya, akwai abin da ake buƙata?"

Tsohuwar ta juya fuska wajen taga. Ta ce wa surukarta, "Ki ce wa mai gidan nan sanyin na'urarsu ya yi yawa."

Nadia ta bi Anti Khairiyya kicin.

"Anti, me ya yi mata?"

"Wa?"

"Alhaji. Ko kallonsa ba ta yi."

Anti Khairiyya ta ajiye ludayi ta kama ciki. "Wayyo 'ya'yan Amurka za ku kashe ni. Ɗan fari ne fa! Kunya ce. Matar nan in kin tsaga zuciyarta shi kaɗai za ki gani a ciki, amma ta kira sunansa? Ta tsaya kallonsa a gaban mutane? Allah ya kiyaye."

"Ko sau ɗaya?"

"Irin su? Ke, ranar da kika ji tsohuwa irin wannan ta buɗe baki tana kiran ɗanta na fari a bainar jama'a, to ki fara kuka. Ko hankali ya tafi, ko baƙin ciki ya kai ta inda ba ta san kanta ba." Ta miƙo mata faranti. "Riƙe nan. Lafiya? Ya fuskarki ta canja haka?"

Nadia ba ta san inda ta ajiye farantin ba. Ta dai ga kanta a mota, gonaki na wucewa.

Yana cikin motarsa a bakin shago, kamar kullum. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga ta zauna.

"Baba, Inna ba ta kira sunanka ba."

Ya juyo.

"Ni na ƙirƙira. Ba ta yi kuka ba, ba ta taɓa wayar ba. Na ɗauka in na faɗa maka gaskiya zai yi maka ciwo."

Ya mayar da ido kan gilashin gaba. Da ya yi magana, muryar ƙasa-ƙasa ce.

"Faɗa min yadda aka yi. Kada ki gyara komai."

"Na miƙa mata hoton. Sai ta juya."

"Ta juya ina?"

"Bango."

"Me take yi lokacin?"

"Tana tsinkar zogale. Hannunta ya tsaya."

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya. Ta ce in ɗauke mata wannan abin, wa ya ce min tana cigiyar wani."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Hassoumi, ita kanta ba ta san dariya ba ne ko kuka sai da ta ga duka biyun. Ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

"Ita ce. Wallahi ita ce. Da hankalinta." Ya share fuska da hular sanyi. "Na ɗauka ni na zautar da ita, Uwata. Na ce rashin zuwana ne ya kai ta haka. Ko Chamsou na kasa tambaya, da wane baki? Shekarun nan duk muryarta nake ji tana kirana, muryar da ban taɓa ji ta faɗi sunan ba."

"I'm sorry, Baba."

"Bari. Ke kuma me ta ce miki? Ba yadda za a yi ta ƙyale ki."

"Ta ce ɓarauniya ce ni, na sace mata suna. Ta ce ƙafata kamar sillen kara."

Wannan karon dariya ce zalla, har da dukan sitiyari. "Inna ke nan! To me kika ce mata?"

"Na ce na gode."

Dariyar ta tsaya.

"Da kika koma fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ya kalle ta, ya gane ba ta koma ba. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, a hankali, "Kash. Da kin rama. Tana son mai baki."

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ta madubi ta ga ya zagaya bayan shago, ya jawo buhun gawayin da ya sha dukan ruwa, yana tonon na ƙasa ko zai samu busasshe.

Yanzu shayi ya dawo bayan shagon Malam Hassoumi, abokai sun fara komowa, muryarsa ta sake fin ta kowa. Ya daina waiwaye. Nadia kuwa ta sauko da zanen, shi ne a shimfiɗe a kujerar gaba ta motarta, har yau da ɗan ƙanshin hayaƙinsa. Ranar Asabar in tana hanyar shago, in danja ta tsayar da ita, wani lokaci na motar kusa kan ga bakinta na motsi, ya ɗauka waya take yi.

"Sunan ma ai ya tsufa a hannunki," take cewa. "Butar taki ta roba wa zai sata? Ke da haƙori biyu kike maganar ƙafar wani?"

Ta iya yanzu, tana da su da yawa. In ta faɗa sai ta ɗan yi shiru tana sauraro, har na baya ya danna mata oda.